Wa Zai Tsaya a Baya

A garinmu Oudtshoorn, in Disamba ya kama, wato tsakiyar bazararmu, zafi ba ya barin kowa ya zauna. Duk mai hali sai ya ɗaura karaban a bayan mota, wato ɗakin nan mai taya da ake kwana a ciki, ya tsallake duwatsu ya gangara bakin teku. Gawie Lategan da matarsa Rykie tun suna amarci suke zuwa sansanin Stilbaai, kuma fili ɗaya suke kamawa kullum, gindin wata bishiya kusa da famfo.

A sansanin akwai wata al'ada da ba wanda ya kafa ta, ba kuma mai iya kashe ta. Da zarar sabon zuwa ya shigo, waɗanda suka riga shi sai su juyo da kujerunsu, kowa da abin sha a hannu, a zuba ido a ga yadda zai yi ribas da karaban ya shiga filinsa. Miji na kan sitiyari, mata na tsaye a baya tana ɗaga hannu. Aure da yawa ya girgiza a wurin nan. Amma Gawie, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar ɗaukar jiminu, da ya murza sitiyari sai ƙatuwar karaban ɗinsa ta shige kamar an zuba ta. Sai ya fito ya gyara hula, ba ya kallon kowa, don ya san ana kallonsa.

Bara ne idon Gawie ya fara lalacewa. Tsakiyar ganinsa ce ta mutu, gefe-gefe ya rage, har in yana son ganin fuskarka sai ya kalli kafaɗarka. Likita ya ce ya ajiye makulli. Ya ajiye, amma ya hana a faɗa wa kowa. Maƙwabta in sun tambayi dalilin da Rykie ke tuƙi, sai ya ce bayansa ne ke ciwo. Babbar karaban kuwa ya ba ɗansu da ke Pretoria, ya ce an gama Stilbaai, ya ja kujera ya zauna a baranda.

Zaman nan shi ya tsorata Rykie. Ta ga mahaifinta ya yi irinsa bayan ya sayar da gona, kuma daga barandar aka wuce da shi maƙabarta. Don haka ta ƙudurta cewa Disamban nan sai sun ga teku, ko da ita za ta ja ɗakin. Ƙaramar karaban take nema, wadda za ta iya da ita.

"Rakiya kawai zan yi miki, tsohuwa," in ji Gawie ranar da suka kama hanyar garin George don duba karaban. "Kallo ba saye ba ne."

"Na ji, tsoho."

"Canza giya. Ba ki jin kukan injin? Kashe min mota za ki yi."

Haka ya yi ta koya mata tuƙin a-kori-kurar da ta shekara tana tuƙawa, har suka sauka daga kan dutse.

Mai sayar da karaban ɗin wani ne Thys, mai tumbi da gajeren wando da safa har gwiwa. Ya tarbe su da Oom da Tannie, wato Kawu da Inna, yadda ake girmama manya a wurinmu, amma daga gaisuwa bai sake kallon Rykie ba. Nauyin ja, birki, taya, duk Gawie yake wa bayani. Ya miƙa masa takardar hotuna, Gawie ya karɓa ya ɗan yi kamar yana dubawa, ya ninke ya cusa a aljihu.

Ta farko da aka nuna musu zagayayya ce, gado kawai a ciki, sai murhu a baya in an ɗaga murfi. Gawie ya shafa ta daga kai zuwa gindi.

"Wannan ai ƙwan jimina ne. Ta ina ake shiga, ko sai an fasa?"

"Da rarrafe, Oom."

"Na bar rarrafe tun ina goye."

Ta biyu siririya ce, faɗinta bai kai na motarsu ba, ba wani ado. Gado, ɗan teburi, wurin ajiye tukwane. Gawie ya ce akurkin kaji ne. Rykie kuwa idonta ya riga ya faɗa kan ta uku.

Ta ukun gajera ce amma mai faɗi, kuma a cikinta akwai abin da Rykie ta daɗe tana mafarki: banɗaki. Duk shekarun nan da rigar barci da silifa take ratsa sansani zuwa banɗakin jama'a, tana gaida maza masu hura wutar gashin nama. Yanzu ga gwiwa ta fara magana. Ta buɗe 'yar ƙofar ta rufe, ta sake buɗewa, ta zauna a bakin gado, ta ji a ranta cewa ta samu.

"A ɗaura ta a mota," in ji ta. "Ba na sayen abin da ban ga ribas ɗinsa ba."

Aka ɗaura. Thys ya jera jajayen robobi masu tsini guda biyu a ƙarshen fili a matsayin bishiya da famfo, ya karɓi makulli daga hannun Rykie ya miƙa wa Gawie.

"Oom, bismillah ga fili. An ce tsohon direban babbar mota ne, yau za mu sha kallo."

Rykie ta zuba wa mijinta ido. Gawie ya karɓi makullin. Ya zagaya ya shiga kujerar direba, ya gyara zama, ya ɗora hannu a sitiyari. Ya kalli madubin dama, ya karkata kai, ya sake karkatawa. Ita ta san abin da yake gani: baƙin tabo a daidai inda karaban take. Ya jima a haka, sannan ya fito.

"Bayan nan nawa," in ji shi. "Bari tsohuwa ta gwada."

Ta shiga. Ma'aikatan wurin suka bar abin da suke yi suka jingina da bango, don mutanenmu ko a ina suke ba sa barin kallon ribas ya wuce su. Rykie ta sa giya, ta saki a hankali. Ta murza dama, karaban ta yi hagu. Ta murza hagu, karaban ta lanƙwashe har ta kusa sumbatar ƙofar mota. Ta ja gaba ta sake. A madubi ba ta ganin komai sai farin bango. Ta taka roba ɗaya, ta sake ja gaba, ta taka ɗayar. Gumi ya jiƙa mata baya, kunya ta rufe ta, ta kashe mota.

"Tannie, kada ki damu," in ji Thys da fara'arsa. "Ƙarama ta fi babba taurin kai, kowa ya sani. Amma akwai magani. Za mu maƙala miki kamara a baya, hoton ya fito a gabanki. Da ita ba sai kowa ya tsaya miki a baya ba. Ke kaɗai kin isa."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, ɗan kasuwa ne yana tallar kayansa. Gawie ya gyaɗa kai.

"To ka ji. Sa mata."

Ya juya ya lallaba zuwa wani benci a inuwar ofis, ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Rykie ta dube shi ta gilashi, ta ga zaman baranda ne ya biyo su har George. Ta gane cewa in ta sayi wannan, za ta kai shi teku kamar yadda ake kai buhun gawayi, a sauke a ajiye a inuwa. Ranta ya ɓaci, ba da Thys ba, ba ma da Gawie ba.

"Kwance wannan," ta ce wa Thys. "Ɗaura min akurkin."

"Amma Tannie, waccan ba banɗaki."

"Ina da ido, ɗana."

Kafin su gama ɗaurawa ta je ta tsaya a kan mijinta.

"Gawie, tashi ka tsaya min a baya."

"In yi miki me? Ba na ganin robar, ba na ganinki."

"To faɗa min yadda kake yi. Shekara da shekaru kana shiga filin nan kana gyara hula. Ina kake kallo?"

Ya kalli kafaɗarta.

"Ke," in ji shi.

"Ni?"

"Wa ke ganin gindin ƙatuwar abar nan daga gaba? Hannunki nake bi. In ya yi dama in bi, in kin dunƙule in tsaya. Ban taɓa kallon bishiyar ba."

Rykie ta riƙe ƙugu. Daɗi da haushi suka zo mata tare.

"Kuma duk tafin da ake yi maka, ko sau ɗaya ba ka ce da hannun tsohuwa a ciki ba?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

"Allah ya shirye ka. Tashi."

Ya tashi. Ta kama hannunsa ta kai shi ya taɓa robar nan da ƙafa, ya taka zuwa waccan ya taɓa, sannan ya dawo ya ɗora tafin hagu a kusurwar karaban. Da ta shiga mota ta kalli madubi, sai ga shi cif, daga hula har takalmi, don siririyar ba ta tare komai.

"Riƙe sitiyarin daga ƙasa!" ya ɗaga murya. "Inda hannunki ya nufa, can gindinta zai nufa. Kada ki kalli akurkin, ni za ki kalla."

Ta saki a hankali. Yana tafe da baya-baya, tafinsa na kan kusurwa, yana jin inda ta karkata tun kafin ido ya gani, ɗaya hannun na sama yana nuni.

"Kaɗan, tsohuwa! Na ce kaɗan, ba tuwo kike tuƙawa ba!"

"Daina min ihu a gaban mutane!"

"To daina murzawa kamar mai faɗa da ita! Miƙe. Miƙe. Yauwa."

Ya dunƙule hannu, ta taka birki. Karaban ta shiga tsakanin robobin, a karkace ƙwarai, taya ɗaya na shafar ta hagu. Ma'aikata suka tafa. Gawie ya shafa gefenta har ƙasa, ya ce ko makaho ya san a karkace take, sai an sake. Suka sake, suka kuma sakewa, har Thys ya gaji ya koma inuwa.

Siririyar suka saya. Da Thys ya sake tayar da maganar kamara, Rykie ta ce ya bar kayarsa. Ta leƙa mai banɗakin kallon ƙarshe, kuma ba za a ce ba ta ji zafi ba. Har gida tana tuna 'yar ƙofar nan.

Disamba ya zo. Suka loda tukwane da busasshen burodin da ake tsomawa a kofi, suka kama hanya. Tun daga ƙofar sansanin Stilbaai Rykie ta ga kujeru suna juyowa. Ta tsaya daidai bishiyarsu, ta kalli Gawie. Nan ne ba ta da abin da za ta yi masa, don a George baƙi ne suka kalle shi, a nan kuwa mutanen da suka san hularsa ne. Ya ɗora hannu a kan mariƙin ƙofa bai buɗe ba, har ta fara tunanin cewa zai ce a juya.

Sai ya buɗe. Ya fito ta ƙofar fasinja a gaban kowa, ya bi jikin mota da hannu, ya wuce inda aka ɗaura ta, ya ɗora tafi a kusurwar karaban.

Wimpie Barnard, maƙwabcinsu na fili tun 'ya'yansu na wasan yashi tare, ya ɗaga kwalbarsa yana zaune a kujera.

"Kai, Gawie! Ina babbar? Kuma yau kai ne a baya? Bayan ne har yanzu?"

"Bayana lafiya lau, Wimpie," in ji Gawie da ƙarfi, yadda na can nesa ma za su ji. "Idona ne ya tafi. Janye kujerarka daga nan, tsohuwar ba ta gama ƙwarewa ba."

Ya ɗaga hannu. Rykie ta share idonta da bayan hannu don ta gan shi sosai a madubi, ta sa giya.