Motar da Ba ta Lafawa Sai da Kaya

"Tsaya! Onyema, tsaya, za ka ƙarasa shi!"

Inuwa tela ne yake dukan rufin motar daga baya. Onyema ya taka burki ya diro. Ko layinsu na Abbaganaram ba su gama fita ba, amma Babakura maƙeri, wanda aka shimfiɗe kan tabarma a bayan akori-kurar, ya jiƙe sharkaf da gumi, ya cije wuyan rigarsa. Ƙaba ce ta murɗe masa hanji tun asuba. Duk wanda ya gan shi ya san in ba a kai shi asibiti an yi masa aiki yanzu ba, to sai dai wani ba shi ba.

Abin haushin, motar ba lalacewa ta yi ba, gyara ta aka yi. Onyema safarar banda yake yi daga Baga, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Babakura. Bara ne ido ya yi masa girma, ya ce kifin da take ɗauka ya yi kaɗan. Ya sa aka ƙara wa sifirin ɗin baya ƙarafa, ya cire tayoyinta ya ɗaura manya don ta haye yashi. Babakura da kansa ya lanƙwasa ƙarafan a maƙerarsa. In an loda ta, tafiya take luf. In babu kaya kuwa, sai tsalle kamar ɗan akuya, ga ta ta yi tsayi, kwana kaɗan sai ta karkata. Onyema ya san haka sarai, ƙugunsa ne kawai ya saba.

"Maƙwabci," in ji Babakura da ƙyar, "aikina ne yake gaishe ni. Ka ga dai ban ha'ince ka ba."

"Baba, don Allah bar magana."

"Kaya take so."

Kaya kuma babu, an sayar da kifin kaf a kasuwa. Onyema ya tsaya yana waige-waige kamar buhuna za su tsiro a titi. Sai ga Rashida, matar Babakura, ta iso a guje, mayafi a hannu. Ta dubi mazan da suka fito ƙofar gidajensu suna ta sannu, ta daka musu tsawa.

"Sannu za ta kai shi? Ku hau mana! Ku ne kayan!"

Suka hau. Mai shayi ya bar tukunyarsa a wuta, mahauci ya hau da wuƙarsa a ƙugu, Augustina matar Onyema ta kinkimo dutsen niƙanta aka jefa a lungu. Motar ta yi ƙara ta zauna. Mazan suka jeru gefe biyu, suka ɗaga tabarmar suka ɗora bisa gwiwoyinsu don kada bayan Babakura ya taɓa ƙarfe. Rashida ta tallafe kansa.

Tsallen ya ragu, amma sai wata ta ɓullo. Damina ta cinye hanyar, ga nauyin mutane can sama bisa dogayen tayoyi. Da Inuwa ya ce, "Ƙara wuta, yana sanyi!" Onyema ya ƙara, a kwanar kasuwa motar ta kwanta gefe guda har mahauci ya kusa faɗowa, sitiyarin ya nemi kuɓuce masa. Aka yi salati, ya rage. In ya yi gudu ya kifar da mutanen layi, in ya yi sanyi ya rasa maƙwabcinsa. Tsoro ya kama shi. Ya tsani motar, ya tsani ranar da ya tsuguna a maƙera yana dariya yana cewa a ƙara ƙarfe ɗaya.

Katangar asibitin ta bayyana can gaba. Har ya fara cewa a ransa sun tsira, sai ya ji an buga rufin. Wannan karon a hankali aka buga, da tafin hannu.

Bai waiwaya ba. Ta ƴar tagar baya ya ji mazan suna "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," sannan muryar Rashida, ba kuka a cikinta tukuna.

"Onyema, mayar da mu gida. Yana da wanka a gabansa."

Ya juya kan motar. Yanzu babu wanda gargada za ta yi wa ciwo, amma mazan ba su sauke tabarmar daga gwiwoyinsu ba. Onyema ya saka giya ta ɗaya, hawaye na sauka kan sitiyari, yana kauce wa ramuka ɗaya bayan ɗaya, har masu kekuna suna wuce su.