Cokalin Doña Nicolasa

Shekara ashirin da uku ina auren mai rufa-ido, don haka ba a burge ni da sauƙi. Mijina Wilfrido, wanda a kan dandamali ake kira Babban Baltasar, shi ke shan tafi, ni kuwa ni ke shan wahalar cokula. Duk safiyar ranar wasa nakan zauna a bayan gida, in lanƙwasa wuyan cokali gaba, in mai da shi baya, gaba, baya, har ƙarfen ya gaji, ya rage ƙiris ya karye. Sai in miƙar da shi in goge. Da yamma Wilfrido zai zaro shi cikin tarin cokula kamar bai taɓa ganinsa ba, ya shafa da yatsu biyu, ya lumshe ido, cokali ya yi laushi ya sunkuyar da kai, mata su hau kiran sunan Maryamu. In kuwa wani ya zo da nasa daga gida, sai ya saki barkwanci, daidai lokacin da aka kece da dariya ya danne cokalin a cinyarsa, ya ɓoye lanƙwasar a bayan yatsu, sannan ya riƙa fito da ita a hankali. Babu aljani ko ɗaya a ciki. Babban yatsa ne kawai da rashin kunya.

Wata Asabar ina cikin wannan aikin tun ana gobe wasa, ƙofar baya a buɗe saboda zafin garinmu Mompox, sai na ɗaga kai na ga wata dattijuwar unguwarmu, Doña Nicolasa, tsaye a kaina. Ta gama ganin komai.

Na ce, "Mama, ai a yi sallama!" ina tura cokulan ƙarƙashin siket.

Ta ce, "Bar ɓoyewa, Edelmira, 'yata. Ni matar maƙeri ce. Tun ba a haife ki ba na san ƙarfe ba ya jin rarrashi."

Mijinta Don Eustorgio shi ne babban maƙerin azurfa na unguwarmu. 'Yan kunnen da aka ɗaura mini aure da su aikin hannunsa ne. Wata huɗu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye. Hagu ta tafi gaba ɗaya, dama tana ɗagawa, amma wuyan hannun ba ya juyawa. In ya ɗebi romo, cokalin sai ya wuce ta gefen kumatu ya zube masa a riga.

Ta zauna ta ce, "A asibiti sun ba shi wani karkataccen cokali mai mariƙin roba. Kin san inda yake? Cikin kogi. Wai shi ba zai ci abinci da cokalin nakasassu ba. Ni kuma in na kai masa baki sai ya juya fuska bango, wai shi ba jariri ba ne. Yau kwana tara ruwan kofi kawai yake sha. Mutumin nan ƙarewa yake yi a gabana."

Ta kwance wani ƙyalle. Cokalin azurfa ne, mai zanen ɗan kifi a mariƙi. Ta ce guda biyu ya ƙera lokacin aurensu, shekara hamsin da ɗaya ke nan, iri ɗaya sak, nasa da nata. Wannan nata ne.

"Ki karkata mini shi yadda na asibitin yake. Gobe in kawo tsohon wurin wasa da nasa cokalin a aljihu, mijinki ya yi musanya. Cokalin nakasassu ne ba ya so. Na ga ko zai ƙi cokalin da Babban Baltasar ya narkar a gaban duk gari."

Wilfrido, da ke laɓe yana ji, ya fito da ɗan tawul a wuya. "Doña, ki rufa mini asiri! In yi wa Don Eustorgio wasan ƙarfe? Mutumin da ke gane azurfar jabu daga ƙetaren titi? Zai tona ni a gaban jama'a, in koma sayar da rogo."

Na ce, "To, Babban Baltasar, mai umartar ƙarafa, ashe tsoho mai hannu ɗaya kake tsoro? Za ka yi, ko kuwa daga yau ka riƙa gajiyar da cokulanka da kanka."

Ya yarda, don ya san ba ya iyawa. Hannunsa na wasa ne, ba na aiki ba.

Ban taɓa jin tsoron cokali ba sai ranar. Lanƙwasa ta gaba ko ta baya wasan yara ce, amma ta gefe sai an sa wuta da matsi. Na gasa wuyansa a kan murhun gas, na naɗe shi da tsumma, na ɗaure a ƙarfen matsi da ke jikin teburinmu, na riƙa ja kaɗan kaɗan ina addu'a kada ya tsage. Doña Nicolasa ta riƙe wani cokalin ba tare da ta juya wuyan hannu ba, tana nuna mini daidai inda hannun mijinta ke tsayawa. Sau uku muna gwadawa kafin ta ce ya yi.

Ran Lahadi da la'asar aka cika harabar coci. Masu sayar da romon kifi sun jera tukwane a gindin bango. 'Ya'yan ƙanensa biyu suka ɗauko Don Eustorgio a kujerarsa mai lilo suka ajiye a sahun gaba. Farar rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa ya zama siriri, idanun ne kaɗai ba su canza ba.

Wilfrido ya fara da nawa cokulan. Ɗaya ya narke ya faɗi gida biyu, yatsun wani cokali mai yatsu suka bazu, aka yi ta ihu. Sai Doña Nicolasa ta miƙe, ta ɗaga murya.

"Kai Baltasar! Cokulan gwangwani kake ta yi mana burga da su. Ga azurfa ta gaske, aikin mijina. In ka isa, taɓa wannan!"

Jama'a suka ɗauki sowa. Ta zaro cokalin daga aljihun mijinta. Tsohon ya karɓa, ya juya shi a gaban idonsa, sannan ya miƙa. Maganarsa a ɗan karkace take tun ciwon, amma kowa ya ji.

"Yaro, in ka karya shi, na karya ka."

Ina tsaye a gefen dandamali riƙe da tire, na san karkataccen yana cikin hannun kwat ɗin Wilfrido na hagu. Na san lokacin da zai yi musanyar, don sau dubu na gani. Ya ce, "Don Eustorgio, in ka karya ni ai matata za ta ba ka tukuici," aka fashe da dariya, ni ma ya jawo ni ciki, kowa ya waiwayo yana kallon fuskata. Ina rantsuwa, ina kallon hannunsa ban ƙifta ba, amma ban ga komai ba. Shekara ashirin da uku, ranar ce ta farko da ya rufe mini ido ni ma.

Ya durƙusa a gaban kujerar tsohon, abin da bai taɓa yi ba, don mai rufa-ido ba ya son a matso shi. Ya riƙe wuyan cokalin tsakanin yatsu, kan yana leƙowa sama, mariƙin yana ƙasa. Ya fara shafawa. Harabar ta yi tsit, har ana jin tafasar tukwane. Sannu a hankali kan cokalin ya fara juyawa, ba ƙasa ba kamar sauran, gefe yake tafiya, yana waiwayen Don Eustorgio. Ni na gasa shi, ni na ja shi, na san kowane ɗigon abin da ke faruwa, amma tsikar jikina ta tashi. Wata mata a bayana ta fashe da kuka.

Wilfrido ya buɗe yatsunsa, ya ɗora cokalin a tafin tsohon. Ya ce, "Cokalin da ya sha irin wannan wuya, doka ce sai an gwada shi nan take. A kawo romo!"

Babu wata doka, a nan ya ƙirƙire ta. Aka kawo kwanon romon kifi da rogo, yana tururi, Doña Nicolasa ta riƙe a gaban mijinta. Ba ta kalle shi ba, bango take kallo.

Tsohon ya daɗe yana duban cokalin. Ya ɗaga shi ya sauke a tafinsa, ya shafa wuyan da babban yatsa. Na ce a raina shi ke nan, asirinmu ya tonu. Sai ya tsoma shi a kwano. Hannun ya taso yana karkarwa, wuyan hannun a sandare yadda yake, ya zo daidai inda kullum yake wucewa ta gefen kumatu. Wannan karon kan cokalin yana fuskantar bakinsa. Ya sha. Ko ɗigo bai taɓa rigar ba.

Ba wanda ya yi tafi. Mutum ɗari biyu suna tsaye suna kallon tsoho yana shan romo, ni ma ina cikinsu, hawaye na zuba a kan tire. Na ga an raba mace biyu a akwati, na ga an fito da kurciya daga hula, ban taɓa ganin abin da ya girgiza ni kamar hawan wannan hannun karo na biyu, da na uku ba. Sai da ya ga ƙasan kwanon aka tuna da tafi.

Bayan an watse ina tattara kaya, sai ya yafito ni. Matarsa na gefensa tana goge masa gemu.

Ya ce, "Edelmira, zo nan. Wa ya sa masa wuta?"

Na fara, "Baba, ai ikon Baltasar ne..."

"Ke, rufe mini baki. Wutar ta yi daidai. Amma gaba in za ki matse azurfa, fata ake sawa, ba tsumma ba. Ga shatin haƙoran matsi nan." Ya nuna mini wasu 'yan ɗigo biyu da ko da tabarau da ƙyar zan gani. "Sannan ki ce wa mijinki ya fito da nawa daga hannun rigarsa. Wannan na Nicolasa ne."

Doña Nicolasa ta tsaya cak da ƙyalle a hannu. "Tsohon nan, ƙarya kake yi. Iri ɗaya ne sak."

"A ido." Ya sake ɗaga cokalin a tafinsa. "Ranar da na je neman aurenki na ga hannunki ƙarami ne. Da na zo ƙera naki sai na rage masa nauyi. Tun da ya taɓa tafina na sani."

"Shekara hamsin da ɗaya ba ka faɗa mini ba?"

"Kin tambaya?"

Wilfrido ya zaro miƙaƙƙen daga hannun kwat, kansa a ƙasa, ya ba ta. Ta karɓi na hannun mijinta, ta riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, tana ɗagawa tana saukewa. Leɓenta ya fara rawa.

Ta ce, "Ka sani, kuma ka sha."

Ya ce, "Na asibiti na nakasassu ne. Wannan na matata ne." Ya miƙa hannu. "Ba ni abina. Kuma ki tambayi matar can mai tukunya ko akwai sauran romo."