Cinikin da Babu Saniya a Cikinsa

Ni Hayatu, dillancin shanu na gada a Garwa. Ni da yayana Alhaji Mahfuzu muke riƙe da harkar tun rasuwar mahaifinmu, shekara goma sha tara ba mu taɓa raba turke ba. A kara, wato kasuwar shanu, in ciniki ya nuna, dillali da mai saye kan zura hannu cikin hannun riga, a taɓa yatsu, a gama magana ba wanda ya ji farashi. Duk wanda ya tashi a cikin shanu ya san ma'anar hannu biyu a ƙarƙashin riga.

Bayan babbar Sallah Yaya ya tsiri wani hali. Mutumin da ko masallacin bakin layi sai ya hau mota, shi ne yake fita da ƙafa da sanyin safiya, ba ya isowa kara sai ƙarfe tara. Ya daina cin tsire. Na tambaye shi, ya ce, "Iska nake sha." A Garwa, garin da rana ke dafa mutum a tsaye, wace iska ce ba ta ratsa tsakar gidansa? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ran Talata na bi shi a kan babur daga nesa. Ya shiga lambun nan da ma'aikatar gari ta kewaye, mai itatuwan darbejiya da bencin siminti, inda tsofaffin ma'aikata ke zagaye suna wurga hannu kamar masu korar ƙuda. Yaya ya zagaya sau shida, babbar riga na jan ƙasa. Sannan ya zauna kusa da wani baƙo mai furfura da jakar fata. Mutumin ya zura hannuwansa cikin hannun rigar Yaya, ya duba ciki, ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa. Yaya ya gyaɗa kai.

Na juya babur na koma kara. Na yi bincike, aka ce sunansa Alphonse, mutumin Kudu ne. To, me mutumin Kudu ke nema a hannun rigar dillali in ba shanun da za a loda zuwa Yawunde ba? Wato Yaya ya samu babban mai saye, yana shirin ture ni daga gadon ubanmu. Kwana uku ina komawa, kwana uku ana ƙulla wannan ciniki. Takaici ya hana ni cin abinci.

Ban tunkare shi a gida ba, don na san zai musa. Na ɗauki shaidu biyu daga kara, Ilyasu mahauci da Nasrullahi, wanda bakinsa ba ya riƙe ko ruwa. Da gangan na zaɓe shi.

Muka ɓuya bayan itace har hannu ya shiga riga. Na fito da sauri, na jefa masa gaisuwar Fulatanci.

"Jam na, Yaya? Nawa aka sallama?"

"Hayatu, koma gida," in ji shi.

"Ba inda za ni! A yi cinikin a gaban jama'a."

Na kama hannun rigar na yaye har kafaɗa. Wani baƙin ƙyalle ne ɗaure a damtsensa, da siririyar roba, da ɗan akwati mai nuna lambobi.

Alphonse ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Mesiye, tansiyo nake auna masa, wato hawan jini. Ni infirmiye ne, ma'aikacin jinya, na yi ritaya. Wata biyu da suka wuce jininsa ya kai ɗari da casa'in. Da tafiyar nan da magani ya sauko ɗari da hamsin. Shi ya roƙe ni in riƙa ɓoye na'urar."

Na san dalili ba sai an faɗa mini ba. Bafulatani ba ya barin garkensa a hannun dillalin da aka ce yana ciwo. Yaya ya kwance ƙyallen da kansa, ya miƙa wa Alphonse, ya ce "Useko," wato na gode, ya sauke hannun rigarsa. Ko kallona bai yi ba.

Kafin azahar labari ya kai kasuwar Ngong, har da ƙarin gishiri, wai an ga Alhaji Mahfuzu ana yi masa ƙarin ruwa a gindin bishiya. Makiyaya biyu suka janye shanunsu. Washegari Yaya ya iso kara tun ƙarfe shida, a mota, ya sa aka kawo masa tsire mai kitse ya ci a tsakiyar mutane, don kowa ya ga lafiyarsa ƙalau. Lambu kuwa bai sake taka shi ba. Na ba shi haƙuri, na tura Alphonse har gida, ya ce a gaya masa ba ya nan.

Wata huɗu bayan haka ya faɗi a bakin turke, ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Harkar gaba ɗaya ta dawo hannuna, ni kaɗai, ba mai ture ni.

Jiya na je gaishe shi. Na zauna a gefen tabarma na ce in ya yarda zan riƙa tura shi a keke zuwa lambun, likita ya ce zai taimaka. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Da shaidu za mu je?"