Karkataccen Mazaunin Madubi

Tun ranar da Ya'ƙub ya ɗaura masa sabon mazaunin madubin hangen nesa a bindiga, Yelwa bai sake samun natsuwa ba. Tsohon soja ne, mai gadi a ofishin jakadanci, kuma irin mutanen nan da ko gaishe su ka yi sai sun nemi dalili. Shi da Ya'ƙub, Bahaushen Sudan, suna harbin nishaɗi a wani kulob da ke hamadar bayan unguwar Ma'adi. Gurbi ɗaya ya rage a tawagar harbin nesa, su biyu kuwa ke nemansa.

Ya'ƙub ya yi masa bayani tun farko. Ya ce da gangan aka yi ƙarfen da tudu ta baya, don madubin ya ɗan sunkuya. Idan aka yi saiti a kusa, mamurɗin da ke ɗaga saitin madubin zai koma can ƙasa, ya bar sarari mai yawa na ɗagawa in an je nesa. Madubin Yelwa ba shi da yawan juyi, in ji shi, dole sai da wannan.

Yelwa ya ce tamam, amma a ransa ya ce a bakinka. Wane abokin takara ne zai ba ka aron nasara? Ya kwance ƙarfen a gida, ya ɗora shi kan gilashin tebur. Karkatacce ne, ko makaho ya shafa zai sani. Matarsa Mahasin ta ce ya sake tambayar mai shi mana, ya ce ai ba a tambayar kura labarin akuya.

Washegari ya tafi kasuwar Ataba, ya sa wani maƙeri ya goge tudun har ƙarfen ya miƙe sumul. Ya mayar, ya yi saiti a kusa, harsashi ya zauna daram. Daɗi ya kama shi, yana ganin ya tsallake tarko.

Ranar zaɓe aka kai allon can nesa, inda sai an ƙanƙance ido. Yelwa ya kwanta, ya shiga murza mamurɗi sama. Bai kai inda yake so ba, abin ya cije. Ya ƙara ƙarfi, ko motsi. Harbi na farko ya tada yashi a gaban allo, na biyu ma haka. Kunya ta rufe shi.

Ya'ƙub ya zo ya durƙusa, ya bi ƙarfen da yatsa, ya ga sawun goga yana sheƙi. 

"Ma'alish, ba komai, Baba Yelwa," ya ce a hankali. "Mazaunin nan shi kaɗai gare ni, aro na ba ka. Na yi niyyar in ka gama in karɓa in ɗaura, yanzu ni za a kira."

Kafin Yelwa ya buɗe baki, alkalin gasa ya kira sunan Ya'ƙub.