Ɗacin Yaɗiya

Furera ta tona tokar da kara, ta ciro gurasar, ta kaɗe ta a cinyarta. Irin wadda mutanen mijinta ke gasawa ce, garin gero a kwaɓa a binne cikin toka mai zafi, kuma sau uku tana ƙona ta kafin ta iya.

Kwana shida ke nan surukinta, Manzo, bai ci abin kirki ba sai ruwa. A shekarar nan ne annoba ta bi shanu tun daga Tasawa har Mayahi, ba ta bar na yanka ba, balle na tatsa. Tsoho ya tashi da saniya tamanin, ya wayi gari da igiyoyi kawai. Mutum ne na arewa, wanda da nono aka raine shi tun yana goye. An kai masa tuwo da miyar ganye, ya ture akushin, ya ce shi ba raƙumi ba ne da zai ci itace. Ɗansa Iliyasu, mijin Furera, ya lallashe shi har ya gaji, ya ɗauki fartanya ya tafi gona yana share ido. Kowa a gidan ya san in aka ƙara kwana uku a haka, sai dai a nemi likkafani.

Ita kuwa Furera ɗiyar manoma ce, ba ta ga abin raini a ganye ba. Da hantsi ta gangara gulbi ta tsinko yaɗiya. Ta dafa, ta zubar da ruwan sau biyu don ɗacin ya ragu, ta matse. Ta daka ƙuli-ƙuli da barkono da ɗan gishiri, ta yanka albasa, ta kwaɗa. Sannan ta tsaga gurasar ta gefe, ta cusa kwaɗon a ciki, ta ninke bakin yadda ko korensa ba ya leƙowa. Dabara ce irin ta mai ba yaro magani, kuma ita kanta ta ji kunyar yi wa dattijo haka.

Ta same shi a inuwar gawo, ya rame har rawanin ya yi masa yawa. Ta durƙusa ta ajiye faifan, ta juya baya, don ba a kallon suruki yana cin abinci, balle wanda ko bakinsa ba ta taɓa gani ba, kullum amawalin rawani ya rufe shi. Amma ba ta tafi ba.

Ta ji ya ɗauka. Ta ji ya gutsura. Sai taunar ta tsaya.

"Ɗiyata, mi kika sa ciki?"

Ƙarya ta zo mata har leɓe, ta haɗiye ta. Ta ce yaɗiya ce, Baba, a gafarce ta.

"Ta gulbi, ta wajen tsohuwar rijiya."

Ba tambaya ya yi ba. Furera ta waiwaya ba ta sani ba. Ya sauke amawalinsa har ƙasan haɓa, ya buɗe gurasar yana duban ganyen kamar wanda ya ga ɗan'uwa a kasuwar da ba ta garinsu ba. Abin ya ɗaure mata kai, don ba wanda ya ga inda ta je.

Ya gaya mata a hankali cewa ya san ɗacin nan. Kowace bazara, in ciyawa ta ƙare, wata jar saniyarsa mai suna Tauraruwa takan ja sauran zuwa wajen rijiyar nan, kuma da yamma nonon yakan zo da wannan ɗanɗanon a can ƙarshen harshe. Yakan yi wa matarsa marigayiya faɗa, wai ba ta wanke ƙwarya ba.

"Shekara sittin ina shan ganyen nan," ya ce. "Ashe su ke tauna mini."

Ya sake gutsura, yana taunawa a hankali, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Furera ta tsaya da mamakin ikon Allah, ta manta da kunya, tana kallon bakin surukinta har ya cinye.

Ya kakkaɓe hannu, ya mayar da amawalin, ya tura mata faifan.

"Gobe kar ki zubar da ruwan sau biyu. Sau ɗaya ya isa."