Kansila Mainasara a Bakin Mama Saratu

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a rumfar da ke bayan tashar Bodinga ya san Mama Saratu. Mutuniyar Zuru ce, ta biyo mijinta malamin makaranta tun shekara talatin da suka wuce. Da mijin ya rasu 'yan uwa suka ce ta koma gida, ta ce ƙafarta ta riga ta saba da ƙasar nan. Miyar kukarta ba ta da ta biyu a garin, bakinta kuma ya fi miyar yaji.

A waccan shekara bakin nan ya samu abin yi. Famfon tuƙa-tuƙa na unguwarsu ya lalace, wata bakwai ba ɗigon ruwa. Kullum sai ta zauna jiran 'yan garuwa, wata rana hantsi ya dubi ludayi ba ta ɗora tukunya ba. Laifin duka ta tattara ta ɗora wa kansilan mazaɓarsu, wani dogon mutum siriri mai suna Mainasara, wanda dillancin albasa ne sana'arsa kafin siyasa ta ɗauke shi. In ta tare shi a hanya amsarsa ɗaya ce: "Gobe da sahe, Mama, in Allah ya so." Har ta kai in ya hango ɗankwalinta daga nesa sai ya karya kan babur ya bi wani lungu.

Wata Lahadi a 'yar majami'arsu, wadda in kowa ya zo ba su wuce mutum arba'in ba, Fasto Habila ya yi wa'azi a kan shugabanni. Ya ce Allah ya umarci masu bi su riƙa yi wa masu mulki addu'a, manya da ƙanana, na addininsu da wanda ba nasu ba, domin zaman lafiyar talaka a hannunsu yake ratsawa. Ya ce zagi kowa ya iya shi, ko aku ma in an koya masa. Mama Saratu ta gyaɗa kai ta ce amin da ƙarfi, tana tsammanin da wasu ake.

Sai Fasto ya fito da faifai cike da 'yan takardu a naɗe. Kowa zai ɗauki guda, shugaban da ya faɗo masa shi zai yi wa addu'a har wata ɗaya. Mama Saratu ta sa hannu ta ɗauka, ta warware, ta matso da takardar kusa da ido, ta sake nisanta ta. Rubutun bai canza ba. Kansilan mazaɓa.

Ta zunguri ƙawarta Laraba, wadda ke taya ta aikin rumfa. "Wa kika samu?"

"Shugaban ƙasa."

"Mu yi musaya."

"A'a," in ji Laraba, ta soke takardarta cikin zani. "Nawa yana can Abuja, bai taɓa ɓata mini rai ido da ido ba."

Bayan an tashi ta tare Fasto a bakin ƙofa. "Fasto, a sake mini wani. Ko Sarkin Fawa ne na yarda."

"Mama, hannunki ne ya ɗauko shi, ba nawa ba," ya ce yana danne dariya. "Kuma addu'a na ce, ba ƙara ba."

Ta gwada, tsakaninta da Allah ta gwada. Ran Litinin da asuba ta durƙusa ta fara: "Ya Ubangiji, ga bawanka Mainasara, ka albarkace shi, ka kuma tuna masa yau wata bakwai da kwana goma sha ɗaya..." Ta tsaya. Ran Talata ta roƙa masa tsawon rai don ya daɗe ya ga irin wahalar da ya jefa mutane. Da ta faɗa wa Laraba, Laraba ta yi dariya har muciya ta suɓuce mata.

"Yaya Saratu, wannan ai tsinuwa ce kika yafa mata mayafi. Ke kin ma san abin da ke damun mutumin? Wanda ba ki san inda ke masa ciwo ba, ina za ki shafa masa magani?"

Maganar ta zauna mata. Washegari ta bar wa Laraba rumfa, ta ɗaura ɗankwalin zuwa biki, ta nufi gidan kansila don ta tambaye shi da bakinsa. A ƙofar gida ta tarar da mutane kusan ashirin a kan benci da tabarmi, kowa da tasa buƙatar. Matarsa Hauwa'u ta leƙo zaure ta ce mata maigida ya fita tun sassafe, ya tafi kasuwar Shagari. Ba ta faɗa mata cewa ta ƙofar baya ya fita ba.

Da wata ce, da ta koma rumfarta. Mama Saratu kuwa tasha ta nufa ta shiga motar Shagari.

Rana ta take tsaka lokacin da ta isa layin 'yan albasa, inda manoman Dandin Mahe da na ƙauyukan gefe ke jibge buhuna. Daga nesa ta hango hular Mainasara, shi ma ya hango ɗankwalinta. Kafin ta ƙaraso hular ta nutse bayan tarin buhuna. Ta yi sallama ga tsohon da ke zaune a wurin, ta tambayi kansila. Tsoho ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce shi dai idanunsa sun yi rauni bana. Daidai nan ƙurar ɓawon albasa ta yi aikinta, aka kwaɗa atishawa daga bayan buhuna, har sau uku.

"Sannu, Kansila," in ji Mama Saratu.

Mainasara ya miƙe yana kakkaɓe riga, idanu jawur. "Mama! Ashe ke ta. Wallahi ba ɓoyo nika yi ba, albasa nika dubi. Maganar famfo kuwa, gobe da..."

"Ba famfo ya kawo ni ba. Zauna."

Ya zauna a kan buhu kamar ɗan makarantar da aka kama.

"An ba ni kai in yi maka addu'a wata guda. Na zo ka faɗa mini abin da zan roƙa maka."

Ya dube ta, ya dubi tsohon, ya sake dubanta. "Addu'a? Ni? Wace iri?"

"Ta alheri. Na gwada ɗayar, an ce ba a karɓa."

"Amma Mama, ke da coci kika zuwa, ni da masallaci. Kuma ko zaɓe na ba ki yi ba, kowa ya sani."

"Ban zaɓe ka ba, gobe ma ban ce zan zaɓe ka ba. Amma yanzu da na shigo motar nan, direban yaro ne mai rawar kai, ban san sunansa ba, ban san ina yake salla ba. Tun daga Bodinga har nan addu'a nake masa, don in ya faɗa rami da ni zai faɗa. Kai ma haka. Allahnmu ya ce mu yi, ni kuwa ba na musu da shi, da mutane nake yi."

Mainasara ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauka ƙasa.

"Tun da anka zaɓe ni, ba wanda yat taho wurina sai da abin da shika so in ba shi. Ke ta farko da tat tambayi mi nika so." Ya share ido, ya ce albasa ce. "Takarda ukku na rubuta a kan famfon ga. Amma takarda ba ta da baki, sai an tashi cikin zaman majalisa an yi magana. Ni kuwa da na miƙe tsaye, na ga manyan riguna sun juyo suna dubana, sai halshena shi naɗe. In ce bismillah, in gaishe su, in zauna. Wata bakwai ke nan ina gaishe su."

Mama Saratu ta so ta yi dariya, sai ta fasa. Duk tsawon watannin nan ta ɗauka girman kai ne ke sa shi kauce mata. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa mutum mai tsawon nan tsoro yake ji ba.

"Yaushe za ku sake zama?"

"Alhamis ta sama."

"To. Addu'a tawa ce. Amma gobe da yamma ka zo rumfa."

Daga ranar addu'arta ta miƙe. Da asuba takan roƙi Ubangiji ya kwance harshen Mainasara, ya ba shi ƙarfin zuciya da gaskiya, ya tsare shi daga masu zuga. Ta lura in ta tashi daga durƙuson ranta ya fi sauƙi, har 'yan garuwa suka fara tambayar Laraba ko Mama ba ta da lafiya ne, kwana biyu ba ta yi musu faɗa ba. Da yamma kuma Mainasara yakan zo rumfa, ta tsayar da shi gaban direbobi da 'yan kamasho masu cin tuwo, ta ce su ne majalisa. Ranar farko ya gaishe su ya zauna. Rana ta uku ya kai har tsakiyar magana kafin wani direba ya yi gyatsa ya rikita shi. Rana ta shida ya yi jawabi tun daga farko har ƙarshe, 'yan kamasho suka buga masa kwanuka.

Ran Alhamis Mama Saratu ta yi azumi, Mainasara ya tashi a majalisa ya yi magana. Waɗanda ke wurin sun ce ya fara da famfo, ya wuce kan kwalbati, ya gangara rufin makarantar firamare, sai da aka ja masa riga sau biyu kafin ya zauna. Ba a gyara famfon washegari ba. Sai da aka ƙara sati biyar masu gyara suka zo, ruwan farko ya fito ja kamar kunun kanwa, yara suka yi ta ihu. Watan addu'a ya riga ya cika tuni, amma Mama Saratu ba ta daina ba, ta ce ta saba.

Bayan girbi, wata ranar Asabar da hantsi, sai ga Hauwa'u matar kansila a rumfa, lulluɓe da mayafi, da ƙwaryar fura a hannu. Suka gaisa, ta ajiye ƙwarya, ta yi ta murza gefen mayafi.

"Mama, godiya na taho yi. Sannan da wani roƙo."

"Faɗi, 'yata."

"Don Allah ki ɗan rage addu'ar ga. Jiya wurin suna a Horo Birni anka ce shi yi gaisuwa, sai da tuwo ya huce. A gida ma in na tambaye shi kuɗin cefane sai shi miƙe tsaye shi gyara murya."

Laraba ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Mama Saratu ta ɗauki ludayi ta ɗanɗana furar, ta yi ɗan tunani.

"Ba a rage addu'a, Hauwa'u. Sai dai a sauya mata hanya. Baki ya samu. Daga gobe kunne zan roƙa masa."