Zanen da Kiggundu Ya Bari

Tun aurensu, Kiggundu ne mai zane, Nabatanzi ce mai sa launi. Littattafan yara suke yi a ɗan ɗakinsu na haya a Kampala. Shi ya fitar da mutane da dabbobi da baƙar tawada, ita ta bi da burushi da fentin ruwa. Yakan tsokane ta cewa shi ke haifar su, ita ɗinkin tufa kawai take musu. Ita kuma ta ce to ya kai su kasuwa tsirara ya gani.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi. A gadon asibiti ya ƙarasa zanen littafinsa na ƙarshe, labarin wani tsohon masunci da jikarsa a bakin tafki, yana jingina takarda a kan farantin abinci. Bai ga an sa wa ko shafi ɗaya launi ba ya cika.

Bayan an share makoki, Akello, wadda take buga musu littattafan, ta zo gidan da ƙullin ayaba. Ta daɗe tana duba zanen kafin ta yi magana.

"'Yar'uwa, kar ki taɓa takardun nan da ruwa. Kawo su ofis a ɗauki hotonsu, ki sa launin a kwamfuta. In kin yi kuskure ki goge, ki sake."

"Ni a shekaruna? Wayata ma da ƙyar nake sarrafa ta."

"Zan zauna da ke har ki iya. Kowa fa ya koma can, ke kaɗai kika rage."

"Su koma," in ji Nabatanzi. "Duk abin da mutumin nan ya zana, hannuna ya bi ta kansa. Na ƙarshen ne zan miƙa wa inji?"

Akello ta roƙe ta ko hoton ne kawai a ɗauka a ajiye. Nabatanzi ta ce za ta kawo, amma a ranta ba ta son takardun su kwana a wani wuri.

Washegari da hantsi ta share teburin, ta cika kwalba da ruwa. Ta zaɓi shafin da ta fi so, inda masuncin ya ɗaga kai yana dariya. Kiggundu ya ba tsohon wushiryarsa da kuma yadda yake kanne ido ɗaya in dariya ta ci shi. Ta haɗa launin fata, ta ɗora burushi a kumatun.

Nan take layin ya narke. Baƙi ya bazu cikin ruwan, ya gangara ta kan ido zuwa baki. Ta fizgi tsumma ta danna, ai kuwa sai ta ƙara dagula shi. Da ta ɗaga tsumman, babu fuska, sai wani dabbare mai ruwan toka a saman wuyan riga.

Sai a lokacin ta tuna. Tawadarsa da ba ta jin ruwa ta ƙare tun makon farko a asibiti, ya ci gaba da wani alƙalami da ya ara wurin wata nas. Ita da kanta ta karɓo masa.

Ta zauna a wurin har rana ta juya. Maƙwabciya ta leƙo ta tambaya ko lafiya, ta ce lafiya.

Da ta kai takardun ofis, Akello ta ga shafin, ta dafe baki. Ba ta ce ai na faɗa miki ba. Kujera kawai ta jawo mata gaban kwamfuta.

Koyon ya ba Nabatanzi wuya. Alƙalamin roba yana zamewa a kan gilashi, hannunta a ƙasa, idonta a sama. Babu warin fenti, ba ta jin takarda na shan ruwa. In ta yi kuskure sai ta danna maɓalli ya ɓace, wannan kuwa ya fi komai ƙona mata rai. Wata rana ta ɓata fuskar jikar da gangan, ta danna, fuskar ta dawo. Ta sake, ta sake, har Akello ta riƙe mata hannu.

"Ya isa haka, 'yar'uwa. Tashi mu sha shayi."

Shafin da ya lalace kuma, sun ba wani mai zane ya gwada maido da fuskar. Ya kawo tsoho kyakkyawa mai dariya. Nabatanzi ta kalle shi ta ce ba ta san wannan mutumin ba. Akello ta ce yara ba za su gane ba. Ta ce ita ta gane. A ƙarshe aka cire shafin, aka gyara labarin ya tafi ba tare da shi ba.

Littafin ya fito da kyau, launin tafkin ma ya fi na duk littattafansu na baya haske. Akello ta kawo mata shi har gida tana murna. Nabatanzi ta buɗe, ta bi shi shafi-shafi, ta ce an yi ƙoƙari, ta ajiye a kan kabad.

"Akwai wani aikin," in ji Akello a hankali. "Littafin lissafi ne na 'yan firamare, lemo da ƙwallaye. Ba wani abin kirki ba ne, amma in kina so..."

"Wa ya zana?"

"Wani ne a Nairobi. Ni ma ban taɓa ganinsa ba."

"Ki ajiye min," Nabatanzi ta ce. "Zan shigo ran Litinin."